Kujera Ɗaya Zuwa Alje

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Uwani, mai sunan uwata.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gaisuwar da kika ƙi tsayawa ki amsa da baki. Ina fata kin tashi lafiya, kin kuma ci abin da Innarki ta ajiye miki a bakin ƙofa, don na ga kwanon jiya ya dawo kamar yadda ya tafi. Allah ya tsare ki a zaune, ya tsare ki a tafe, ya sa wannan takarda ta sami yatsunki da ɗumi, zuciyarki kuma ta ɗan huce.

Abin dariya ne uba ya rubuta wa 'yarsa wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da nata. To, ya zan yi? In na buɗe baki faɗa nake yi, in na yi shiru ke ma shiru. Shi ya sa na ɗauko allon ƙarfe da tsinke na zauna ina huda miki maganata ɗigo-ɗigo da rubutun makafi. Ba mai karanta miki ita, ba kuma mai kallon fuskarki sa'ad da kike karantawa. In ta ba ki haushi ki ɗage yatsa, ki huta, ki dawo.

Ga inda muka tsaya, ba kewaye-kewaye. An ba ki gurbi a makarantar horon malaman makafi a Alje, babban birnin ƙasar nan, motar kuma ranar Alhamis za ta tashi daga nan Tamanrasset. Ni na je tasha na kama kujera biyu. Na shirya in rufe ajina na zaure, in bi ki, in kama ɗaki kusa da masaukinki har ki gama karatun. Da na faɗa miki, ina jiran godiya, sai kika ajiye kofin shayi kika ce, "Baba, in za ka tahi, ka tahi kai kaɗai. Ni na hwasa." Kika shiga ɗaki kika kwance jakar da Innarki ta ɗaure miki. Mun kuwa sani, ni da ke, in ba ki isa ranar da suka sa ba, gurbin na wani ne.

Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Na ce a raina, yarinyar da na ɗauka a kan wannan kafaɗar ita ce yau take gindaya mini sharaɗi? Na kai ƙara wurin Innarki ina neman mai taya ni, sai ta ci gaba da tankaɗen garinta, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Malam, wanzami dai ba ya son jarfa. Ɗiyan mutane ka sake su sun hau dutse, taka ka ɗaure ta kamar akuyar sayarwa. In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, dutse ya taka. Je ka zauna ka yi tunanin dutsen da ɗiyarka ta taka." Na tafi na zauna. Abin da tunanin ya ba ni shi ne zan rubuta miki, tunda aikin da na yi za ki je ki koya.

Kin san ba a malami na zo garin nan ba. Daga Damagaram na taso da buhunan barkono da citta da kanumfari, na kafa tebur a kasuwa, ina awo ina ciniki da Larabcin da bai fi cikin cokali ba. Kina 'yar shekara uku baƙon dauro ya shigo unguwarmu ta Sersouf, ya ɗauki 'ya'yan wasu, mu ya bar mana ke ya tafi da idanunki. Lokotoro, wato likita, ya ce ba abin da za a iya yi. Na yi watanni ina awo ina zubar da rabi a ƙasa. Sa'an nan na lura da wani dattijo Balarabe, makaho, a masallacin bakin kasuwa, yana bin wani babban littafi da yatsa yana karatun Alƙur'ani ba gargada. Na durƙusa gabansa na ce ya koya mini, ina da 'ya. Allah ya ji ƙansa, ya karɓe ni. Daga nan tebur ya koma hannun ƙanena, zauren gidanmu ya zama aji, 'ya'yan Hausawa da na Abzinawa da na Larabawa waɗanda ba sa gani suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka koma ce mini Mushe, kamar malamin lekkol, wato makarantar boko, suna ta yaba mini. Yabon nan ya rufe mini ido daga abubuwa da yawa.

Ranar farko dattijon ya ce mini, "Rufe idonka, ka koya da yatsa." Na ce to, amma a zuciyata na ce, Allah ya ba ni ido in rufe? Na riƙa satar kallo. Ɗigo shida ne kawai ake jujjuyawa, ido kuwa yana kama su nan da nan, sai ga ni ina karatu cikin ɗan lokaci, ina ta jin kaina. Da ido na koya, da ido na koyar, da ido nake duba aikinku.

Kina 'yar shekara bakwai ko takwas na ba ki wani shafi wanda duk yaran ajin suka bi ta kansa kafin ke. Kika shafa, kika sake shafawa, kika ce, "Baba, ba komi nan." Na duba, ga ɗigogi reras, hasken ƙofa ya ba kowanne inuwarsa. Na ce lalaci ne, wasa ya cika miki kai. Na hana ki zuwa sunan da ake yi a maƙwabta, kika wuni a zaure da takardar a cinya, ana ta guɗa a bayan katanga. Da yamma na dawo na ce ki karanta, sai kika lalubo hannuna, kika kama yatsana kika ɗora a kan layin. Sumul. Yatsun yara sun danne ɗigogin sun kwanta, tabonsu kaɗai ya rage, ido yana ganinsa, yatsa ba ya ji. Ban ba ki haƙuri ba a ranar, ina ganin uba ba ya yi. Na dai huda sabon shafi na ajiye miki, kika karanta shi tas.

Haka na yi da sanyi. Kin san sanyin garin nan in ya sauko daga duwatsu. Ni kuwa da tunanin ɗan kasuwa, wai albarka tana cikin sammako, na sa karatu da sassafe. Yara suna zuwa da yatsu sandare kamar itace, ina ce musu daƙiƙai. Sai da na lura da rana tsaka kowa malami ne, da safe kowa jaki ne, sa'an nan na fara dafa shayi ina ba kowane yaro kofi mai zafi ya rungume da hannu biyu kafin ya taɓa takarda. Har yau 'yan unguwa suna tsokanata, wai ba lekkol na buɗe ba, teburin mai shayi ne.

Don haka, Uwani, ranar da yaro ya ce miki ba ya jin komai, ki duba takardar, ki taɓa hannunsa, kafin ki yanke wa kansa hukunci. Kada ki ce ke makauniya ce, wannan kuskuren ba zai same ki ba. Yatsanki ya daɗe yana karatu, yana jin abin da sabon yatsa ba zai ji ba. Za a kawo miki yarinyar da daka da wanki suka yi wa hannu kanta, da yaron da ya girma yana jan igiyar rijiya. Ki yarda da maganarsu ko da ranki yana ce miki wayo suke yi.

Abin da na yi wa ɗalibata Rabi ya fi wannan ciwo, don ita ba ta kusa balle in nemi gafararta. Littattafan da muke samu na Larabci ne da Faransanci, yawancin yaran kuwa da Hausa suke kuka da dariya. Na ga ya kamata su fara da ita. Sai na zauna na tsara wa Hausa ɗigoginta da kaina. Baƙaƙen da Faransanci ba shi da su na ba su alamomina, na ƙara da gajerce-gajerce don takarda mai kauri tana da wuyar samu. Ban tambayi kowa ba. Ban aika Nijar ko Najeriya in ji ko wasu sun riga ni ba, alhali motoci suna zuwa suna dawowa. Daɗin a ce Mushe ne ya ƙirƙiro shi ya ɗinke mini baki. Na huda tatsuniyoyi da karin magana, yara suna karantawa suna ƙyalƙyala dariya, ni ina ganin na gama da duniya.

Kin tuna Rabi, 'yar mai sayar da takalma, wadda kuke kwana tabarma ɗaya. Ban taɓa samun ɗaliba mai kaifin kai kamarta ba, har ke, kada ki ji haushi. Da ubanta ya tattara ya koma Maraɗi, na sallame ta da alfahari, na ce duk ajin da ta shiga ita ce gaba. Can aka ba ta allo aka ce ta rubuta Hausa. Ta rubuta. Malamin ya shafa ya ce wannan ba rubutu ba ne, kaza ce ta caccaki takarda. Ashe akwai tsarin da ake bi tun da daɗewa, ni ne ban sani ba. Aka mai da ita cikin ƙananan yara, budurwa da ita, ta fara daga baƙin farko. Ba ta jure dariyar ba, ta bari. Ubanta ya zo sari daga baya, ya tsaya a ƙofar zauren nan, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mushe, ka koya mata rubutun da kai kaɗai ka iya karantawa." Ya juya ya tafi.

Na tattara nawa na ƙone, na aika aka samo mini na mutane, muka sake koyo ni da ku. Duk abin da za ki koya wa yaro, ki tambayi kanki ko zai yi masa amfani ranar da ba kya nan. In sai da ke yake aiki, igiya kika sa masa a wuya. Kuma in wata dabara ta zo miki, kika ji daɗinta har ba kya son kowa ya sani tukuna, to a nan ne za ki tashi ki je ki tambayi waɗanda suka riga ki. An ce rashin sani ya fi dare duhu, amma ni nawa har da ƙin tambaya.

Sai maganar kashshafa, 'yan sikawut ɗin nan masu ƙyalle a wuya. Na ga yaran unguwa suna fita da tantuna da usur suna dawowa da labari, nawa suna zaune a zaure suna saurare. Na yi ta naci har aka yarda in kafa rukuni na makafi. Suka koyi ƙulle-ƙullen igiya har suka fi masu ido, suka iya kafa tanti, suka iya hura wuta. Fitarmu ta farko ƙauyen Tahifet muka je, muka sauka a gefen garake, wato lambuna, inda ruwa ke bin 'yar hanyarsa tsakanin shuke-shuke. Alkawarin da na yi musu shi ne, duk wanda ya hau tudun da ke bayan ƙauyen da sandarsa, ba mai riƙe shi, zan ɗaura masa ƙyallen da hannuna. Ke ba ki je ba, na ce miki mata ba sa zuwa. Ƙarya ce, tsoro ne.

Ana gobe hawa, bayan la'asar, na bar su suna wanke kwanoni na bi hanyar ni kaɗai. Duk dutsen da zai iya sa tuntuɓe na kawar da shi gefe. Ƙaya na tsince, rami na cike. Na dawo bayana yana ciwo, raina fari ƙal, ina ganin na yi aikin lada. Washegari suka hau, ba wanda ya ko yi tangaɗi, suka kai ƙoli suna kabbara. Na bi su ina ɗaura ƙyalle.

Akwai Bilal a cikinsu, ɗan masu garka daga Mertoutek, wanda ya girma yana bin awaki a duwatsu kafin idonsa ya mutu. Da na zo kansa sai ya riƙe hannuna. Ya ce da Hausarsa ta Abzinawa, "Mushe, wa ya share hanya?" Na ce wace hanya? Ya ce, "Ni ɗan dutse ne. Ba dutsen da Allah ya yi haka. Wannan tsakar gida ce." Ya kwance ƙyallen ya miƙo mini, ya ce in ajiye masa sai ranar da ya hau dutse. Sauran ba su kwance nasu ba, amma kabbarar ta mutu, muka sauko kamar masu dawowa daga jana'iza. Na so in ba su abin alfahari, sai na ƙwace musu shi a gaban juna.

Da shekara ta zagayo muka koma, na naɗe hannuwana. Aka yi tuntuɓe, aka fasa ƙauri, wani ya zauna a kan ƙaya ya zagi ƙayar har kakanninta. Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Bilal ya karɓi ƙyallensa da jini a gwiwa. Yanzu shi ke ba da ruwa a garkar ubansa, in ya aiko mana da ɓaure yakan ce a gai da mai shara.

Ki bar wa yara duwatsunsu. Ki gaya musu akwai dutse, ki koya musu yadda sanda ke gano shi, ki tanadi magani da abin ɗaure rauni, sa'an nan ki koma gefe. Zai yi miki wuya, don tausayi yana da daɗi ga mai yinsa, ba ya kuma jin nauyin da ya ɗora wa wanda aka yi wa.

Za ki ce, to Baba, tunda ka gane wannan tun a Tahifet, me ya hana ka gane shi a gidanka? Ranar da muka yi faɗan nan na ce miki Alje ba Sersouf ba ce, nan kina zuwa kasuwa ke kaɗai ne saboda garinku ne. Kika yi wata dariya da ban taɓa jin irinta a bakinki ba. Kika ce, "Ni kaɗai? Baba, tun ranar da ka ba ni sanda kake bayana. In na tsaya ka tsaya, in na tahi ka tahi. Masu shago suna amsa gaisuwata, muryarsu tana kallon wani wuri. Ranar da na yi kwana ba daidai ba na nuhi bakin kori, busasshen gulbin nan, inda yashi yake, wani mutum ya hwaɗo daga sama ya ce, Malama, ba nan ba. Ka ce ban san wa ya ɗaga mishi hannu ba? Na kai shekarun nan ban san ko na iya tahiya ba, don ba ka taɓa bari na ɓata ba."

Ba wurin musu. Ina tsammanin ɓoye nake, ashe ke ce kike rufa mini asiri, kina tafe kina ja na a baya shekara da shekaru don kada ki kunyata ni. Na sha faɗa wa iyayen yara su daina bin 'ya'yansu, har na taɓa korar wata uwa daga ƙofar zaure, na ce tana kashe ɗanta da so. Ina gama yi mata faɗa na ɗauki hulata na bi bayanki.

Ba na cewa tsoron daga banza ya zo. Ranar da zazzaɓin ya sauka kika buɗe ido kika ce a kunna fitila, alhali rana tana tsaka, wani abu ya shiga ƙirjina bai fita ba har yau. Na rantse a ranar ba abin da zai sake samunki ina raye. Rantsuwar wauta ce, don ba ni ke tsare ki ba, Allah ne. Amma da ita na rayu, ita ce kuma ta kai ni tasha na kama kujera biyu.

Akwai wani abu da ban koya miki ba, shi kuwa za ki fi bukata a hanya. Saboda na tsani a ga ɗalibina a ɗauka sadaka yake nema, na hore ku kada ku nemi komai wurin kowa. Ke ba ki ma sami dama ba, in aka tambaye ki me kike so, kafin ki buɗe baki na amsa. A gidan likita ni ke faɗin inda ke miki ciwo, a buro, wato ofis, ni ke faɗin sunanki. Sai kika tashi da girman kai irin nawa, kin gwammace ki wuni da ƙishirwa da ki ce wa baƙo ina randa. Ki sauke wannan, ɗiyata. Mai ido ma yana tambayar hanya, matambayi kuwa ba ya ɓata.

In za ki nemi taimako ki faɗi abin da kike so daidai, kada ki bar mutum ya zaɓa miki. Ki ce, kai ni bakin ƙofar mota. Ke za ki riƙe gwiwar hannunsa, kada ki yarda a ja ki, kada kuma ki bar kowa ya kama miki sanda, ko da liman ne. A tasha ki nemi muryar mace, in da kukan yaro tare da ita ya fi. Takardunki su kasance a jikinki, in jandarma sun tsai da mota ki miƙa da hannunki, ki amsa da bakinki. Duk inda aka tsaya salla ko cin abinci ki gaya wa direba da kanki cewa kin sauka. Wanda ya yi miki alheri ki gode masa, ba sai kin durƙusa ba. Wanda ya yi miki magana kamar jaririya ki amsa masa kamar malama, zai gyara ko ya gaji.

Sau ɗaya na taɓa zuwa Alje. Abin da na riƙe shi ne garin hawa da gangara ne, matakala ko'ina, ga ruwan sama. In ƙasa ta jiƙe ƙarar komai tana sauyawa, kunnen da ya saba da busasshen gari zai ruɗe ki da farko, kada ki ce kin kasa. Ki riƙe sallarki, ki tambayi alƙibla a duk ɗakin da kika sauka. Ki nemi ƙawa wadda za ta gaya miki in mayafinki ya yi tabo, ki yi hattara da wadda komai kika yi sai ta ce madalla. Za ki tarar da malamai da suka fi ubanki sani nesa ba kusa ba. In sun ce abin da na koya miki kuskure ne, kada ki tsaya kare ni, ki koyi nasu, in kin dawo ki gyara mini.

Yanzu maganar kujera. Da safiyar nan na je tasha na mai da ɗaya. Mai yankan tikiti ya ce ba damuwa, akwai masu jira. Sai na ji bakina ya buɗe zan tambaye shi wa zai ba, mace ce ko namiji, a nuna mini shi in ja shi gefe in ce, ga ɗiyata nan, ka sa mata ido, kada ka gaya mata na ce. Har na ɗaga yatsa. Mutumin yana kallona yana jira. Na ce masa Allah ya ba da sa'a, na fito. Ban san wanda zai zauna kusa da ke ba, Uwani, ba kuma zan sani ba sai in ke kika gaya mini.

Kada ki ɗauka na gamsu. Har yanzu zuciyata tana ce mini kuskure nake yi, hanya tana da nisa, in wani abu ya same ki ba zan yafe wa kaina ba. Amma na daɗe ina bin zuciyar nan, ga inda ta kawo mu, ke a ɗaki da jaka a kwance, ni a bayan bango. Za ki ɓata a Alje, wannan ba shakka. Wata rana za ki tsaya a wata mararraba ba ki san gabas ba, ba kuma wanda zai ɗaga wa kowa hannu daga nesa. Ki tsaya, ki yi bismilla, ki saurara, ki tambaya. In kin kai masauki, in kin ga dama ki ba ni labari, in ba ki ga dama ba ki riƙe abinki.

Ki tashi ki ɗaure jakarki. Ranar Alhamis ki shigo ki durƙusa in sa miki albarka, kamar yadda uwata ta sa mini ranar da na bar Damagaram. Daga nan ki ɗauki sandarki ki fita, ki tsai da taksi da bakinki. Ba zan raka ki tasha ba, ba zan tsaya a ƙofar gida ba. Na san halina, don haka na roƙi Innarki, in kin fita, ta rufe ni a ɗaki ta waje, ta ɗaure makullin a bakin zanenta, kada ta buɗe ko da na yi rantsuwa, sai motar ta bar gari. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sa'an nan ta share ido ta ce in kawo makullin. Yana hannunta yanzu.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kau da mugu daga hanyarki, ya sa abin da za ki samo ya amfani 'ya'yan mutane. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Na ba da ke amana ga Wanda amanarsa ba ta ɓata. Ki sauka lafiya.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sanusi